Cutar Asma A Nasarawo: Lissafin Kuɗin Maganin Shaƙa Na Kullum

GOMBE: Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a cikin watan Nuwamba, akwai wata haja da kasuwarta ke buɗewa a shagunan sayar da magani na unguwar Nasarawo da ke cikin birnin Gombe. Hajar kuwa ita ce shuɗin maganin shaƙa na masu cutar asma, wadda wasu ke kira fuka. Mai wannan ciwo yakan nemi shuɗin ne sa'ad da ƙirjinsa ya riga ya ɗaure, numfashi ya fara fita da ƙara, kuma yakan biya duk abin da aka ce masa ba tare da tayi ba.

Akwai kuma wani maganin shaƙa na biyu, wanda galibi ake sawa cikin mazubi mai launin ruwan ƙasa ko ja ko makuba. Shi ne mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, kuma kullum ake shaƙarsa, safe da yamma, ko da mutum yana jin lafiyarsa ƙalau. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa wannan na biyun shi ne ke hana ciwon tashi, shi ne kuma ke rage mace-mace. Amma a kasuwar magani ta Nijeriya shi ne ya fi wuyar samu, ya fi tsada, kuma shi ne masu ciwon suka fi saurin dainawa. Dalilan haka sun fi kusa da sha'anin tattalin arziki fiye da na asibiti.

Nasarawo ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, babban birnin jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Bauci ranar 1 ga Oktoba, 1996. An san yankin da ƙananan masana'antu, musamman injinan cashe shinkafa da na matse man gyaɗa. Ƙaiƙayin shinkafa da ƙurar hatsi suna cikin abubuwan da ke tayar da asma, haka ma hayaƙin itace da gawayi a madafa, hayaƙin janareta da na babura, da turaren wuta a ɗakin da ba iska. Da yawa daga mazauna unguwar 'yan ƙwadago ne da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane. Ga irin waɗannan, ranar kwanciya ciwo rana ce da ba shigar ko kwabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Nijeriya kuwa, wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 13 ne ke da ciwon.

Magani biyu, aiki biyu

Asma ciwo ne na hanyoyin da iska ke bi zuwa cikin huhu. A jikin mai ciwon, bangon waɗannan hanyoyi yana a kumbure kusan kowane lokaci, ko da bai ji komai ba. In ƙura ko sanyi ko mura ta taɓa wurin, sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya tsuke, majina ta taru, iska ta rasa wurin wucewa. Wannan shi ne tashin ciwo.

Shuɗin magani, wato salbutamol, aikinsa shi ne sassauta naman da ya tsuke. Cikin 'yan mintoci mutum zai ji ƙirjinsa ya buɗe, kuma sauƙin yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida. Sai dai ba ya taɓa kumburin da ke ƙasa. Maganin sitiroyid na shaƙa, irin su beclometasone da budesonide da fluticasone, shi ke kwantar da kumburin. Ba a jin aikinsa nan take. Yakan ɗauki kwanaki kafin a fara ganin canji, cikakken amfaninsa kuma sai bayan makonni ko watanni. In an daina shi, kumburin yakan dawo sannu a hankali.

Duka biyun tsofaffin magunguna ne. A 1956 wani kamfani a Amurka, Riker, ya fito da gwangwanin fesa magani mai auna adadi. A 1969 aka fara sayar da salbutamol a Ingila da sunan Ventolin, sannan a 1972 aka fito da beclometasone na shaƙa. Haƙƙin mallakar waɗannan magunguna ya daɗe da ƙarewa, kuma kamfanoni da dama, ciki har da na Indiya irin su Cipla, suna yin su. Bugu da ƙari, beclometasone da budesonide suna cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba.

Hujjar amfanin maganin kullum tana da ƙarfi. Wani bincike da aka yi kan bayanan majinyata na lardin Saskacewan a Kanada, wanda aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa duk ƙarin gwangwani ɗaya na sitiroyid da mai asma ya shaƙa a cikin shekara yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 21 cikin 100. A ɗaya ɓangaren kuma, an gano cewa wanda ke ƙarar da shuɗin gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, wanda kuma ke ƙarar da ɗaya a kowane wata yana cikin haɗarin rasa ransa.

Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙungiyar GINA ta masana asma na duniya, wadda aka kafa a 1993, ta sauya shawararta a 2019. Ta ce bai dace a ci gaba da yi wa manya da matasa magani da shuɗi kaɗai ba, ko da ciwon nasu mai sauƙi ne. Ta ba da hanya biyu: ko dai sitiroyid na kullum tare da shuɗi don lokacin larura, ko kuma maganin da ya haɗa budesonide da formoterol a mazubi ɗaya, wanda ke buɗe ƙirji ya kuma kwantar da kumburi a lokaci guda.

Abin da ya sa kasuwa ta fi karkata ga shuɗi

Masana tattalin arziki sun san cewa hajar da mai saye ke ganin amfaninta nan take ta fi sauƙin sayarwa kan wadda amfaninta ke zuwa daga baya. Wanda ya shaƙi shuɗi ya ji ƙirjinsa ya buɗe ba ya bukatar a yi masa talla. Wanda ya shaƙi na kullum kuwa, ribarsa ita ce ciwon da bai tashi ba, kuma ba wanda ke lissafa daren da ya yi barci lafiya. Bayan wata biyu ko uku sai ya ga ai ya warke, ya ɗauki kuɗin maganin ya kai wani wurin. In ciwon ya dawo bayan makonni, ba lallai ne ya danganta shi da daina maganin ba.

Matsala ta biyu ita ce maganin shaƙa ba ya rabuwa. Talaka ya saba sayen kaya gwargwadon abin da ke aljihunsa a ranar: mai na cokali, sukari na ƙulli, magani ƙwaya biyu ko uku. Mai kemis zai iya yanka masa katin ƙwayoyin salbutamol ko na prednisolone ya ba shi na kwana ɗaya. Gwangwanin shaƙa kuwa sai dai a saye shi sukutum, a biya kuɗin makonni bakwai a rana guda. Wannan ne ke tura mutane ga ƙwayoyi da ruwan magani, waɗanda aikinsu ya fi jinkiri, illarsu kuma ta fi yawa, kamar rawar hannu da bugun zuciya.

Ta uku tana wajen mai shago. Jarinsa ƙanƙane ne, kuma kowane magani yana da ranar lalacewa. Ba zai kulle kuɗinsa a kan kayan da ba a tambaya ba. Tun da bai ajiye ba, majinyacin da likita ya rubuta masa sai ya zaga shaguna bai samu ba, ya haƙura. Dillalin da ke Kano ko Anaca ko Ikko shi ma sai ya ga kayan ba sa tafiya, ya rage odarsa. Ƙarancin oda kuma na nufin tsada, domin kamfanonin waje sun fi yi wa mai sayen kaya da yawa rangwame. Wani binciken shagunan magani na gwamnati da na 'yan kasuwa a shiyyoyin ƙasar nan, wanda aka buga a 2021, ya tabbatar da haka: ƙwayoyin haɗiya sun fi samuwa nesa ba kusa ba, sitiroyid na shaƙa kuwa ya yi ƙaranci, inda aka same shi kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

Naira da dala

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha bayyana a baya cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su. Galibin magungunan shaƙa kuma a haɗe suke zuwa, domin yin gwangwanin da bakinsa mai auna adadi yana bukatar injina na musamman. Don haka farashinsu a Nasarawo yana bin farashin dala sau da ƙafa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta kama hanyar gangara, magunguna suka yi ƙaranci a asibitocin gwamnati. A tsakiyar shekarun 1990 an tsayar da farashin hukuma a kan kimanin naira 22 kowace dala, alhali a kasuwar bayan fage ya ninka haka kusan sau huɗu.

Girgiza mafi kusa ta zo ne a 2023. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi. Dalar da ake saya kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da cewa zai daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Nijeriya bayan fiye da shekara 50, ya koma sayarwa ta hannun dillalai. A watan Nuwamba kamfanin Sanofi na Faransa shi ma ya ɗauki irin wannan mataki. A watannin da suka biyo baya farashin waɗannan magungunan shaƙa ya ninka sau da dama, wasu kuma suka ɓace daga kantuna na wani lokaci. A watan Disamban 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Gombe tana da ƙarin nauyi a kan wannan. Daga tashar jiragen ruwa ta Ikko zuwa Gombe tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma kowane hannu da kayan suka bi sai ya ɗora ribarsa da kuɗin mota.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan wani umurni da ya ɗauke harajin kwastan da harajin kayan masarufi na tsawon shekara biyu daga injina da sinadaran haɗa magani, kamar yadda Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a matsayinsa na ministan lafiya. Manufar umurnin ita ce ƙarfafa masana'antun cikin gida. Ga mai asma kuwa, amfanin irin wannan mataki ya dogara ne ga ko za a samu masu zuba jari su kafa wurin cika gwangwanin shaƙa a cikin ƙasa, abin da ba a yi cikin wata ɗaya ko biyu.

Lissafin magidanci

Gwangwanin beclometasone na yau da kullum yana ɗauke da fesawa 200. Wanda likita ya ce ya fesa sau biyu da safe, sau biyu da dare, zai ƙarar da shi cikin kwana 50, wato gwangwani bakwai da ɗoriya a shekara. Farashi yana sauyawa daga shago zuwa shago, amma don misali kawai, a ƙaddara gwangwani ɗaya naira 10,000 ne. Wannan na nufin naira 200 a rana, naira 6,000 a wata, naira 73,000 a shekara.

Ma'aunin da masu binciken farashin magani na duniya ke amfani da shi shi ne, in maganin wata ɗaya ya wuce ladan kwana ɗaya na mafi ƙanƙantar ma'aikacin gwamnati, to ya yi tsada. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kimanin naira 2,300 a rana. Bisa wannan misali, maganin wata ɗaya zai cinye ladan fiye da kwana biyu da rabi. Magungunan da suka haɗa sinadari biyu sun fi haka tsada, kuma wasunsu wata ɗaya kacal suke yi. Ga leburan injin shinkafa da ba ya kan albashin gwamnati, ko uwar da 'ya'yanta biyu ke da ciwon, nauyin ya fi haka.

Sai dai lissafin bai cika ba sai an ɗora kuɗin rashin shaƙar maganin. Mummunan tashin asma yakan zo ne cikin dare ko da asuba. Za a nemi mota ko Keke Napep zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Za a biya kuɗin kati, na injin turara magani, na allura, wani lokaci har da iskar oksijin da gado. Majinyaci zai rasa kwanakin aiki, mai jinyarsa ma haka. In yaro ne, zai rasa makaranta. In kuma kuɗin ba su samu ba, sai a ci bashi ko a sayar da akuya ko buhun hatsi a lokacin da farashinsa bai yi kyau ba. Tashi biyu ko uku irin wannan a shekara suna iya lashe abin da ya kai kuɗin maganin shekarar, ban da ƙarin shuɗin gwangwani da ake ta saye.

Akwai kuma asarar da ba a gani da wuri. Kumburin da aka bari shekara da shekaru yana iya sa bangon hanyoyin iska ya yi kauri har ya kasa komawa yadda yake, ƙarfin aikin mutum ya ragu tun bai tsufa ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, amma a nan rigakafin ma da kuɗi ake sayensa, kuma kuɗin nasa a gaba ake biya.

Tsoron sitiroyid

Ko da kuɗin sun samu, akwai wani shinge. Mutane da yawa a Arewa sun san sitiroyid ne ta hanyar ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", irin su dexamethasone, waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba. An ga yadda suke kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Don haka in aka ce wa uwa ɗanta zai riƙa shaƙar sitiroyid kullum, dole gabanta ya faɗi.

Bambancin yana ga yawan maganin da kuma inda yake zuwa. Babban mutum da ciwonsa ya tashi akan ba shi prednisolone miligiram 40 a rana har kwana biyar, jimla miligiram 200, kuma ƙwayar tana zaga jiki duka. Mai shaƙar beclometasone maikirogiram 400 a rana kuwa, abin da zai shaƙa a shekara guda miligiram 146 ne. Ko da yake ƙarfin magungunan biyu ba ɗaya ba ne, na shaƙa yana sauka ne kai tsaye a inda ciwon yake, abin da ke shiga jini kaɗan ne. Wanda ya guji na shaƙa sau da yawa yakan ƙare da shan ƙwayoyin sitiroyid ɗin sau uku ko huɗu a shekara, wato ya gudu daga ƙaramar illa ya faɗa babba.

Na shaƙa ma yana da tasa illar. Yana iya dishe murya, ko ya kawo fari-fari a harshe da maƙogwaro. Kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yana rage wannan sosai. Game da yara, wani dogon bincike a Amurka da Kanada da aka buga sakamakonsa a 2012 ya gano cewa waɗanda suka shaƙi budesonide na shekaru sun gaza takwarorinsu tsawo da kimanin santimita 1.2 bayan sun girma. Likitoci na ganin wannan bai kai haɗarin barin ciwon ba. Maganin ba ya sa maye ko jaraba, kuma ana shawartar mai juna biyu da kada ta daina shi, domin ƙarancin iska ga uwa ya fi cutar da ɗan tayi.

Wata hanyar asarar kuɗi ita ce rashin iya shaƙa. In ba a daidaita danna gwangwani da jan numfashi ba, yawancin maganin a baki yake tsayawa. Ana girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi, a danna tare da jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Ga yara da tsofaffi akwai wani bututu da ake kira sifesa, wanda ake fesa maganin a ciki sannan a shaƙa. A 1999 wasu likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin Heather Zar, suka nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta an sa bakin gwangwanin ya zauna daram, tana yin aiki kamar bututun kanti. Wannan abu ne da kowane ma'aikacin lafiya a Nasarawo zai iya koya wa iyaye ba tare da an kashe kuɗi ba. A watan azumi kuma, tun da sau biyu ake shaƙar maganin a rana, ana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa-baki, ba sai an daina ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Ƙasar Finland ta gudanar da wani shiri na shekara goma daga 1994 zuwa 2004, wanda ya dogara kan gano ciwon da wuri, fara sitiroyid na shaƙa, da horar da likitoci da ma'aikatan jinya da masu sayar da magani a ƙananan asibitoci. Kwanakin da masu asma ke yi a gadon asibiti sun ragu da kashi 54 cikin 100, abin da ake kashewa kan kowane majinyaci a shekara kuma ya ragu da kashi 36 cikin 100, duk da cewa kuɗin sayen magani ya ƙaru. Ƙasar Birazil kuwa, daga 2012 ta sa magungunan asma cikin waɗanda ake bayarwa kyauta a shagunan da ke cikin shirin gwamnati. Har ila yau, a 2005 ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta duniya ta kafa wani tsarin sayen magungunan shaƙa a dunƙule, wanda maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta yi amfani da shi ta samu ragin farashi.

Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne, kuɗin da aka kashe a kan maganin kullum yana dawowa ta hanyar gadon asibiti da ba a kwanta ba. Sai dai wanda zai iya ganin wannan riba a littafinsa shi ne wanda ke biyan duka biyun, wato gwamnati ko hukumar inshora.

Inshora da ɗakin ajiyar magani

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. A Jihar Gombe akwai hukumar GoHealth ta taimakekeniyar lafiya, sannan gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ɗauki manufar gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace daga cikin mazaɓu 114 na jihar.

Ga mai asma, katin inshora zai yi amfani ne in sitiroyid na shaƙa yana cikin jerin magungunan da tsarin ke biya, kuma yana nan a ɗakin ajiya ranar da ya zo karɓa. Ciwon da ake yi wa magani kullum ba ya jure "a dawo mako mai zuwa". Tarihi ya ba da gargaɗi a nan. Tsarin asusun magani mai juyawa, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987, kuma hukumar PTF ta zuba masa magunguna a ƙarshen shekarun 1990, ya durƙushe a wurare da yawa saboda ba a mayar da kuɗin ciniki cikin asusun, hauhawar farashi kuma ta cinye jarin.

Jiha guda da ta haɗa bukatar asibitocinta duka ta yi oda ɗaya za ta samu farashin da mai kemis ba zai taɓa samu ba. In jihohin Arewa maso Gabas shida suka haɗa tasu, ragin zai fi haka. Masu injinan shinkafa da na gyaɗa su ma suna da rawar takawa, ta hanyar sa wa ma'aikatansu takunkumin fuska, buɗe wa ƙura hanyar fita, da yi musu rajistar inshora a ƙungiyance.

Tsada kuma tana buɗe ƙofa ga jabu. Ana shawartar mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, ya saya a shagon da ke da rajista. Maganin da ba na sanannen kamfani ba, muddin yana da rajista kuma sinadarin da adadinsa ɗaya ne, yana yin aiki iri ɗaya, kuma majinyaci na da damar tambayar likita ko akwai mai rahusa.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, in ciwo ya kwanta na tsawon wata uku ana iya rage adadin maganin zuwa mafi ƙanƙanta da zai riƙe shi, abin da kan rage kuɗin ma. Amma wannan hukunci ne na likita bayan ya duba majinyaci. Wanda ke bukatar shuɗi fiye da sau biyu a mako, ko tari da haki ke tashinsa cikin dare, ciwonsa bai kwanta ba. Wanda kuma ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko ya fesa shuɗi bai ji sauƙi ba, asibiti ya kamata a nufa da shi nan take.

Ana bikin Ranar Asma ta Duniya ne a Talatar farko ta watan Mayu, kuma taken bikin 2025 kira ne da a samar wa kowa magungunan shaƙa. A Gombe kuwa, lokacin da ya fi dacewa a yi wannan lissafi shi ne watan Satumba da Oktoba, sa'ad da damina ke ƙarewa. Tun da maganin na bukatar makonni kafin ya kama, magidancin da ya ga likita ya tanadi gwangwanin farko a lokacin kaka, sa'ad da ɗan kuɗi ke hannu, shi ne zai shiga hunturu ƙirjinsa a kwance.